Na yi istihara dare bakwai ban ga komai ba, in sayar da gonar?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 31 daga wani ƙauye a ƙasar Auyo, ina da mata da 'ya'ya biyu. Mahaifinmu ya rasu a 2019, ya bar gona eka huɗu a bakin fadama. Mu biyar ne, maza biyu mata uku, ni ne babba, autarmu shekararta 12, ga kuma Inna. Ba a raba gado ba, ni nake nomawa ana ci. Ruwa ya cinye mana shinkafa a 2020, ya sake cinyewa a 2022, har yau ban gama biyan bashin taki ba. Wani ɗan kasuwa ya taya gonar naira miliyan shida, ya ba ni mako biyu. Ina so in sayar in sayi adaidaita sahu in koma Kano. Inna ta ce ba da yawunta ba. Na yi istihara dare bakwai ban ga komai ba, sai mafarkin ruwa yana shiga gonar har sau biyu. Na kai wa wani malami kafin alƙalami ya yi mini, ya ce ya ga farin doki, in sayar. Na rasa wanda zan bi.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta.

Wanda bai taɓa tsayawa a kan tudu yana kallon ruwa ya shafe shinkafar da ta fara fitar da kai ba, ba zai san abin da ke cin ranka ba. Kuɗin iri, kuɗin taki, kuɗin 'yan ƙwadago, duk a dare ɗaya, sannan mai bashi ya zo ya yi maka jaje ya kuma tuna maka. Sau biyu cikin shekara uku. Ban ga laifinka ba don zuciyarka ta fita daga noman wurin, kuma na ji daɗi da ka ga abu ya sha maka kai ka nufi Allah da shi. Sai dai akwai maganar da ta riga istihara, kuma da ita zan fara, ko da ba ita ka tambaya ba.

Gonar nan ba taka ba ce kai kaɗai. In dai mahaifinku ba shi da wata matar bayan Inna, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa, to bayan an fitar da bashinsa da wasiyya in ya bari, lissafin da ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka bayar mai sauƙi ne. A kasa gonar kashi takwas. Inna tana da tumuni, wato kashi ɗaya. Kai biyu, ƙanenka biyu, ƙannenka mata kowacce ɗaya. Ka ga naka eka ɗaya ce tak cikin huɗun. In da za a sayar a miliyan shidan, abin da zai shigo aljihunka da halalinsa miliyan ɗaya da rabi ne. Sauran na mutane ne, cikinsu har da marainiya 'yar shekara 12 wadda ba ta isa ta ce na yarda ba. Noman da ka yi shekaru kana ciyar da gida, Allah Ya ba ka lada, amma bai mayar da gonar taka ba.

Ba a yin istihara a kan abin da Allah Ya riga Ya yanke hukuncinsa. Ba wanda zai yi raka'a biyu ya tambayi Ubangiji ko ya yi sallar Asuba, ko ya ci dukiyar maraya. Wurin istihara shi ne abin da aka halatta maka ka yi ko ka bari, ka rasa wanne ya fi maka alheri. Saboda haka tambayar da ka kai gaban Allah dare bakwai, "in sayar da gonar?", kashi uku cikin huɗunta ba hurumin ka ba ne. Abin da kake da ikon tambaya shi ne: in sayar da kasona? In bar noma in koma Kano? Ko kason naka ma, Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta shuf'a, wato hakkin abokin tarayya na ya riga bare saye, a kan duk abin tarayya da ba a raba ba. A ruwayar Muslim an ce bai halatta mutum ya sayar ba sai ya sanar da abokin tarayyarsa, in ya so ya karɓa, in ya so ya bari. Wato ƙanenka da ƙannenka su ne a gaban wannan ɗan kasuwar.

Wannan Jabir ɗin dai shi ne ya ruwaito hadisin istihara da ke cikin Buhari. Ya ce Annabi yana koya musu ita a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Idan ɗayanku ya yi nufin wani abu, ya yi raka'a biyu ba na farilla ba, sannan ya yi addu'ar. Ina so ka karanta ma'anarta a hankali, domin na lura da yawa daga cikinmu mun haddace Larabcin amma ba mu taɓa tsayawa mun ji abin da muke roƙo ba:

Ya Allah, ina neman zaɓinka da iliminka, ina neman Ka ba ni iko da ikonka, ina roƙon Ka daga falalarka mai girma. Kai Kake da iko ni ba ni da shi, Kai Ka sani ni ban sani ba, Kai ne masanin gaibu. Ya Allah, in Ka san wannan al'amari alheri ne gare ni a addinina da rayuwata da ƙarshen al'amarina, Ka ƙaddara mini shi, Ka sauƙaƙe mini shi, sannan Ka sa mini albarka a cikinsa. In kuma Ka san sharri ne gare ni a addinina da rayuwata da ƙarshen al'amarina, Ka kawar da shi daga gare ni, Ka kawar da ni daga gare shi, Ka ƙaddara mini alheri a duk inda yake, sannan Ka sa in yarda da shi.

Duba da kyau. Ina wurin da aka ce "Ka nuna mini"? Ina mafarki? Ina fari, ina kore, ina doki? Babu. Ba ka roƙi a buɗe maka gaibu ba, ka ma faɗa da bakinka cewa Shi ne masaninsa. Abin da ka roƙa shi ne a ƙaddara, a sauƙaƙe, a sa albarka, ko kuma a kawar. Waɗannan kuwa ba a kan katifa suke bayyana ba, a cikin tafiyar al'amarin suke bayyana, bayan ka tashi ka fara takawa. Mutum ya nufi abu sai ya ga ƙofofi suna buɗewa, ko ya ga suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, ko ya wayi gari son abin ya fita daga ransa. Don haka kada ka ce istihararka ba ta ci ba. Ka yi addu'a, wanda ka roƙa Ya ji. Kai ne ka zauna jiran wasiƙar da ba a yi alkawarin aiko maka ba.

Maganar sai an yi sau bakwai, akwai ruwayar da ake jinginawa ga Anas a kan haka, amma malaman hadisi sun raunana ta. Maimaitawa ba laifi ba ne, addu'a ce, sai dai babu wani adadi da in ka cika shi dole ka ga alama.

Mafarkin ruwa kuma, hadisi ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum yake saƙawa a ransa da rana ya gan shi da dare. Mutumin da ambaliya ta yi wa ɓarna sau biyu, ya kwanta da tunanin gona, me zai gani in ba ruwa ba? Ban ce mafarkin gaskiya ya ƙare ba, akwai shi. Amma ba a sayar da gadon marayu a kan mafarki, kuma ba a hana sayarwa a kansa.

Malamin da ka kai wa kafin alƙalami, ba zan zage shi ba, ban san shi ba. Amma ka sani hadisin cewa ya yi idan ɗayanku ya yi nufin abu, shi ya yi sallar, shi ya yi addu'ar. Zuwa da kai ya fi aike. Kai ne bashin taki ya hana barci, kai ne za ka zubar da hawaye a sujada. Ka ce wa mutumin kirki ya sa ka a addu'a, wannan abu ne mai kyau, sahabbai ma sun yi. Abin da nake ji maka tsoro shi ne irin wadda aka lulluɓe da sunan istihara alhali duba ce: a tambayi sunanka da na mahaifiyarka, a buga ƙasa ko a ja carbi ana lissafi, a ce ka dawo gobe a faɗa maka abin da zai faru. Wannan da'awar sanin gaibu ce, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. In irin wannan aka yi maka, ka yi istigfari kada ka koma. In kuma mafarki kawai ya ce ya yi, to farin dokinsa bai san eka ɗaya ce taka ba, bai san da auta ba. Ka ajiye shi gefe.

Bari in ba ka labarin yadda wani sahabi ya yi da al'amarin da ya fi gonarku nauyi nesa ba kusa ba. Lokacin da Ka'aba ta ƙone a zamanin Yazidu, Abdullahi ɗan Zubairu ya tara mutane ya ce su ba shi shawara, ya rushe ya sake ginawa ko ya gyara abin da ya lalace. Ibnu Abbas ya ce a gyara kawai. Ɗan Zubairu ya saurara, ya kawo tasa hujjar, sannan ya ce zai nemi zaɓin Ubangijinsa sau uku, daga nan ya yanke. Da ukun suka cika ya yanke shawarar rushewa, ya kuma rushe ya gina. Ka lura da jerin: ya tambayi masana, ya auna, ya roƙi Allah, ya ƙudura, ya zartar. Ba a ruwaito cewa ya jira mafarki ba. Aya ta 159 a Ali Imrana ma haka ta jera, ka yi shawara da su, idan ka ƙudura ka dogara ga Allah.

A wasiƙarka na ga istihara, na ga malami, ban ga shawara ba. Wa ka tambaya a kan adaidaita sahu? Ba wanda ya zo gida da Sallah da sabuwar shadda nake nufi ba. Ka ɗauki kwana biyu ka shiga Kano, ka sami mutanen ƙasarku da ke wannan sana'a, ka zauna da su da daddare bayan sun tashi. Ka tambaye su nawa suke zuba mai a yini tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Nawa ne balas, wato kuɗin da direba ke kai wa mai mashin, in mashin ɗin na wani ne, nawa ake biya a mako in na biya sannu-sannu ne. Nawa rajista da takardu da harajin kullum, nawa gyara, nawa hayar ɗaki, kuma me ke saura bayan an ci abinci. Ka shiga wurin masu sayarwa ka ji farashi da kunnenka, sabo da na hannu, ka ɗora shi a kan miliyan ɗaya da rabinka bayan ka cire bashin taki. Ka kuma tuna cewa sana'ar titi tana hannun doka. A farkon 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni, masu acaɓa da yawa suka wayi gari ba sana'a. Mashin yana tsufa kullum, ƙasa kuwa tana nan. Ba don in kashe maka gwiwa na faɗi wannan ba, akwai waɗanda adaidaita ta yi wa rana har suka gina gida. So nake ka san abin da kake kaiwa gaban Allah.

Sannan ka yi wa kanka wata tambaya: me ɗan kasuwar nan ya hango a gonar da ruwa ke ci har ya zuba mata miliyan shida? Ba sadaka zai yi muku ba. Ƙasar bakin fadama a yankin Auyo da Haɗeja darajarta a rani take, lokacin da ruwa ya janye, a yi shinkafa ko alkama ko kayan lambu da injin ban ruwa. Mai yiwuwa ba gonar ce matsalar ba, zuba dukkan jari a damina ne. Ka sami malamin gona ka tambaye shi a kan irin shinkafar da ke jure nutsewa a ruwa na wasu kwanaki, kamar Faro 66 da Faro 67 da aka fitar a 2017, da kuma irin da ke nuna da wuri. Ka riƙa bibiyar hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara, ana faɗa a rediyo. Ba na ce wannan zai hana kogi cika ba. Ruwan da ke gangarowa daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa, ga ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyinsa, sun fi ƙarfin manomi ɗaya. Amma tsakanin sayarwa da ci gaba da asara akwai hanyoyi. Kana iya bayar da hayar kasonka na shekara ɗaya ko biyu, ka je Kano ka gwada tuƙa na wani kana biyan balas. In ta karɓe ka, ka sayar daga baya da idonka a buɗe. In ba ta karɓe ka ba, kana da wurin dawowa. Haya na ce, ba jinginar da mai kuɗi zai riƙe gona yana cin amfaninta har sai an biya shi ba, domin wannan malamai suna da magana a kanta, bashi ne da ya jawo riba.

Mako biyun da aka ba ka ma bai kwanta mini ba. Ciniki na gaskiya yana jure a kira magada, a kira dagaci da liman, a auna, a rubuta. Duk mai sayen da ya ce ba zai jira a raba gado ba, rigima yake son saya da araha, kuma kai za a bari da ita a gaban alƙali ranar da auta ta girma ko mijin wata ƙanwarka ya tayar da magana.

Sai Inna. Ka ce ta ce ba da yawunta ba, amma ba ka faɗa mini dalilinta ba, kuma ina zargin ba ka tambaya ba. Matar da ta binne miji, ta ga babban ɗanta zai sayar da abin da ake ci ya tafi birni, tsoro take ji. Wa zai noma? In ka tafi, wa zai tsaya a kan auren 'yan matan? Wataƙila kuma tana ganin gonar ita ce abin da ya rage mata na mahaifinku. Ina roƙon ka da girman Allah kada ka shiga ɗakinta ka ce "an yi istihara an ce in sayar" don ka rufe mata baki. Na sha ganin ana yin haka, a maganar aure musamman, a mai da addu'a sandar dukan iyaye. Inna tana da hakki biyu a kanka a nan, na uwa da na mai gado. Ka zauna a gabanta ka faɗa mata nawa ne bashin da ke kanka, don wataƙila ba ta san yawansa ba. Ka nemi ta sa maka albarka a tafiyar gwaji, ba a sayarwa ba. Ka ce ita ma ta yi tata istiharar a kan kasonta. Ko Zainab 'yar Jahshi, da aka kawo mata saƙon neman aure daga Annabi kansa, cewa ta yi ba za ta yi komai ba sai ta nemi zaɓin Ubangijinta, ta tashi ta nufi wurin sallarta.

Bayan ka yi duk wannan, an raba gado kowa ya san iyakarsa, ka dawo daga Kano da lissafi a takarda, sai ka sake yin istihara. A wannan karon ka ambaci abu guda, domin hadisin ya ce mutum ya faɗi buƙatarsa: "tafiyata Kano in bayar da hayar kasona", ko "sayar da ekata ga ƙanena". Ka yi alwala, ka yi raka'a biyu a lokacin da ba a hana nafila ba, wato ban da bayan Asuba kafin rana ta ɗaga da bayan La'asar kafin ta faɗi. Ba sharaɗi ba ne sai da dare, ba sharaɗi ba ne ka kwanta bayanta, ba sai da fararen kaya ba. Wasu malamai sun so a karanta Ƙul ya ayyuhal kafiruna a ta farko da Ƙul huwallahu a ta biyu, in ka karanta wasu surorin ta yi. In ba ka haddace addu'ar ba ka karanta daga takarda. Abin da ya fi wuya ba haddar ba ce, sakin zuciya ne. Na taɓa yin istihara a kan wani aiki da raina ya riga ya mutu a kansa, ina faɗin "Ka kawar da shi daga gare ni" alhali ina tsoron a amsa. Da aikin ya kuɓuce na daɗe ina jin ciwo, sai daga baya na gane cewa jimlar ƙarshe ta addu'ar, "Ka sa in yarda da shi", ita ce ban roƙa da gaske ba. Ka tsaya a kanta ka maimaita har ka ji ta sauka.

Daga nan ka tashi ka zartar da abin da hankalinka da shawarar mutane suka fi karkata gare shi. In ka tafi Kano ka sha wuya wata shida, wannan ba ya nufin an ƙi addu'arka. In ka zauna ruwa ya sake zuwa, shi ma haka. Ka roƙi alheri a addini da rayuwa da ƙarshen al'amari, ba ka roƙi a ɗauke maka wahala gaba ɗaya ba, kuma ƙarshen ba a wata shida ake ganin sa ba.

Gobe ka aika wa ɗan kasuwar cewa gona ta magada ce, ba za a yi maganar ciniki ba sai an raba. In ka riga ka karɓi wani abu a hannunsa, ka mayar masa a gaban shaidu. Sannan ka je wurin limaminku ku sa ranar rabo, a kira ƙannenka mata su zo da kansu, a kuma naɗa wanda zai riƙe wa auta nata a rubuce. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya warware maka bashin nan. Ka rubuto mini in ka dawo daga Kano, ina son ganin lissafin.